Albasar Mai Taki a Gidan Mami

Ranar da Auta ta fara ganinsa, hannunsa na cikin duro har gwiwar hannu, yana dama wani baƙin ruwa mai kumfa. Ta shigo lambun sayar da furanni ne don ta saya wa mahaifiyarta tukunyar fure ta baranda, sai wari ya tare ta tun daga ƙofa. Kashin kaji ne da ruɓaɓɓen ganye aka jiƙa aka bar su suka tsima. Ta ja gyale ta toshe hanci.

Shi kuwa ya ɗago ya yi mata murmushi, har da tahowa zai nuna mata layin furanni, ruwan yana ɗiga daga yatsunsa.

"Malam, don Allah tsaya daga nan," ta ce ta cikin gyale. "Ina gani daga inda nake."

Ya yi dariya, ya ce ai wannan ruwan ne abincin furannin da take yabawa. Ta ce ba ta tambaye shi ba. Sai da ta sa ya wanke hannu da sabulu a gabanta kafin ta yarda ya ɗauko mata tukunyar, duk da haka ƙarƙashin farcensa baƙi ƙirin ne. Amma idonsa ba shi da laifi, muryarsa ma haka, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

Ƙyama gado ce a wurin Auta. Mahaifiyarta, da kowa ke kira Mami, mace ce da ke wanke sabulu kafin ta yi wanka da shi. A gidansu baƙo yana fita ake goge inda ya zauna. Ita Auta a kantin magani take aiki, kuma ko takarda aka miƙo mata sai ta bi hannunta da man gogewa. Ta koma gida ranar tana rantsuwa ba za ta ƙara taka lambun nan ba.

Mako bai cika ba ta koma, wai ta manta farantin da ake sa wa ƙarƙashin tukunya. Ta sake komawa da ganye guda da ya yi ɗorawa, wai a duba mata. A zuwa na gaba ba ta ma wahalar da kanta da neman dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Suka karɓi lambar juna, ita ce ta karanto tata daga nesa don kada ya taɓa mata waya.

Washegari saƙonsa ya shigo:

"Gimbiyar Ƙyama, sai da na wanke hannu kafin na rubuto miki. Kin tashi lafiya?"

Ta amsa:

"Mai Taki, ka wanke wayar ma. Lafiya lau. Ka karya? Da cokali, don Allah."

Sunayen suka bi su. Kafin damina ta yi nisa, Auta ta iya zama kan bokitin da ya kifa mata, bayan ta shimfiɗa hankici a kai, su yi ta hira yana dashe. Wata rana ya ce zai nuna mata abin da ya fi so a duk lambun, ya kai ta can baya. Babbar tukunya ce, a ciki kara ɗaya tal ya miƙe, jikinsa dabbare-dabbare kamar fatar maciji, a samansa ganye ya baje kamar lema. Auta ta ja da baya.

Ya ce shukar tasa ce, ba ta mai lambu ba. A shekarar da ya fara aiki ya tsinci albasarta, wato dunƙulen da take tsirowa daga shi, cikin shara, ba ta fi ƙwan tantabara ba. Tun daga nan duk shigowar zafi yake canza mata tukunya mai ɗan girma, mai huda a ƙasa, ya gauraya yashi da taki, ya ba ta ruwa ta ƙoshi. Idan ganyen ya yi ɗorawa ya kwanta, sai ya daina ba ta ruwa, ya tono albasar, ya shanya ta, ya naɗe a jarida ya ɓoye ta har sanyi ya wuce. Ya ce raɓa ɗaya in ta daskare a kanta, shi ke nan, sai ta narke ta zama ruwa. Shekara da shekaru yana wannan hidima, ba ta taɓa yi masa fure ba.

"To yaya furen yake?" in ji Auta.

Ya sosa ƙeya. "Babba ne. Ja mai duhu." Ya ja ta zuwa wani zance, kuma a nan ne ya yi ba daidai ba.

Da magana ta yi ƙarfi, ya zo gaida iyayenta. Mami ta kalli takalminsa, ta kalli farcensa, ta amsa gaisuwar da ƙyar. Yana fita ta sa aka cire rigar kujerar aka jiƙa. Ta ce ita ba za ta haɗa zuri'a da mutumin da ke cin abinci da hannun da ya dama kashi ba. Dama tana da nata gwanin, ɗan ƙawarta, likitan haƙori, wanda turarensa ke riga shi shiga ɗaki. Auta ba ta son ko ganinsa. In tana magana haƙoranta yake kallo, kuma ana cikin cin abinci zai ɗauko labarin ruɓaɓɓen dasashin da ya matse da safe. Mahaifinta, Abba, ya ce a bar yarinya da zaɓinta, amma Auta ta riga ta faɗa wa Mai Taki gaskiya: komai son da take yi masa, ba za ta shiga gidansa ba sai da albarkar Mami.

Ana cikin wannan jan-in-ja sanyi ya shigo. Mai lambu ya cika ɗakin gilashin da ake kare shuke-shuke daga sanyi da kayan sayarwa, bangon ɗakin hayar Mai Taki kuwa ya soma tsatsafo da danshi har ya yi funfuna. Ya kawo wa Auta kwali a bakin kantinsu.

"Gimbiya, amana zan ba ki. Ki samo mata wuri busasshe mai ɗan sanyi-sanyi, ba mai daskarewa ba. Kada ki ba ta ruwa, kada ki buɗe ta. Barci take yi."

Ta leƙa. Dunƙulen albasar ya kai girman kan jariri, naɗe cikin jarida, duk ƙuraje a inda ya leƙo. Ta yatsine fuska ta ce da wani ne ya kawo mata wannan da tuni ta kira masa hukuma. Ta karɓa, tana riƙe da kwalin nesa da jikinta.

A gida ta yi tunani. Wuri mai sanyi-sanyi kuma, a wannan sanyin? Tausayi ya kama ta. Ta kai kwalin sito, inda ake jibge akwatunan tafiya, ta tura shi jikin tankin ruwan zafi don 'yar amanarta ta ji ɗumi. Ba mai shiga wurin sai an tashi tafiya.

Bayan wasu makonni ta leƙa, ta ga wani tsini ya huda jaridar ya fito. Daɗi ya kama ta. Ta ce a ranta za ta bar shi ya buɗe, ta kira Mai Taki ta nuna masa abin da ya kasa samu shekara da shekaru. Da ya rubuto:

"Yaya 'yarmu? Ba ta damun ki?"

Sai ta mayar masa:

"Tana ta sharar barci. Ta fi ubanta tsafta."

Wata Asabar da safe Mami ta fito daga ɗaki ta tsaya cak a falo, ta ce wani abu ya mutu a gidan nan. Ba ƙarya ta yi ba. Wari ne mai nauyi, mai maiƙo, irin na mushen da ya kumbura a rana, yana manne wa mutum a maƙogwaro har ya ji shi a yawunsa. Aka ja firiji, aka ɗaga kujeru, aka naɗe kafet ana neman mataccen ɓera. Aka kira mai gyaran famfo ya buɗe magudanar ruwa, ya ce shi kam a aikinsa bai taɓa jin irin wannan ba, ya tafi. Manyan korayen ƙudaje, waɗanda ba a gani da sanyi, suka fito daga inda Allah kaɗai ya sani suka cika tagogi. Auta ta fi kowa kakarin amai, kuma ko kusa hankalinta bai kai kan sito ba, don a saninta fure ƙamshi yake yi.

Da hantsi Likita, gwanin Mami, ya zo gaisuwa. Don ya burge Mami ya ɗaure hanci da hankici ya shiga neman, kuma shi ya buɗe ƙofar siton.

Abin ya miƙe ya kai ƙugun mutum. A saman karan wata fata ta naɗe ta buɗe baki, launinta na hantar da ta kwana a waje, daga tsakiya wani dogon harshe ya fito yana naso mai yauƙi, ƙudaje sun yi masa baƙi. Babu tukunya, babu ƙasa, babu ruwa. A gindinsa dunƙulen nan ne zaune cikin yagaggiyar jarida. Likita ya juya da gudu, bai kai waje ba ya amayar da karin kumallonsa cikin tukunyar furen baranda.

Da ya samu numfashi ya ce, "Mama, abin da zai tsiro ba ƙasa ba ruwa, a ɓoye cikin gida, ai ba shuka ba ce. Ku binciki wanda ya kawo shi."

Mami ta juya ta kalli 'yarta, fuskar Auta kuwa ta riga ta ba da amsa. Auta ta faɗi komai. Mami ta zauna a hankali kan hannun kujera.

"Shi ya sa," ta ce. "Na daɗe ina mamakin yadda 'yar da na haifa za ta so mai wasa da kashin kaji. Ashe aiki aka yi miki, kuma da hannunki kika shigo da shi gidana."

Ba ta saurari kowa ba. Ta sa safar hannu biyu-biyu, ta tura abin cikin buhu, ta ja shi har babban duron shara na bakin layi. Ta dawo ta ce ko sunan yaron nan aka ƙara ambata a gidan, ba da yawunta ba.

Auta ta kulle kanta a ɗaki ta rubuta masa:

"Ka san haka take wari?"

Amsar ba ta jima ba:

"Na sani. Ban zaci za ta buɗe bana ba, kuma na ji tsoron in na faɗa ba za ki karɓa ba. Na yi laifi, Gimbiya, ki yafe mini."

Wani saƙon ya biyo baya:

"Ina take yanzu? An ce yau raɓa za ta daskare."

Ta jefar da wayar kan gado. Ran Auta ya ɓaci ƙwarai. Ya san halinta sarai, ya ɗora mata mushe ya kira shi amana, yanzu kuma tambayar albasa yake yi. Ta yi wanka, ta sake yin wani, warin na nan cikin hancinta. Amma da la'asar ta yi sanyin ya fara cizo, ta ga gilasan motocin layin suna yin fari. Ta tuna yadda yake shafa tukunyar nan in yana magana. Ta tuna kuma ita ce ta tura kwalin jikin tanki. Ta saka rigar sanyi ta fita.

Duron ya fi ta tsawo, sai da ta taka bulo. Tana ɗaga murfin wani tururi ya buge ta. Maƙwabta sun zuba nasu a kai: ƙunzugun jarirai, kawunan kifi, ragowar abincin da ya yi tsami yana yauƙi. Ta zura hannu, wannan hannun da ko takardar mutane ba ya riƙewa sai an goge shi, har kafaɗarta ta shige. Wani abu mai sanyi ya fashe tsakanin yatsunta, ba ta tsaya sanin ko mene ne ba. Ta kamo bakin buhun ta jawo. Furen ya karye ya dagargaje, amma albasar tana nan da ƙarfinta. Auta ta durƙusa ta yi amai har idonta ya yi ja, sannan ta cusa dunƙulen cikin rigarta ta rungume shi.

Mami na tsaye a taga tana kallo, sai ta fashe da kuka. A wurinta an gama magana. 'Yarta ce cikin bola tana rungume da ƙazanta, wace shaida kuma ake nema? Ta ce wa Abba asirin ya ci yarinyar nan har ƙashi. Likita da ya ji labari ya aiko cewa zai dakata tukuna sai an yi mata magani, daga nan ba a ƙara jin ƙamshinsa a gidan ba.

Abba ne ya tsaya kai da fata sai an kira yaron an ji ta bakinsa. Washegari da safe ya zo cikin fararen kaya, ya durƙusa a ƙofar kicin. Albasar na kan tire bisa tebur, an shimfiɗa leda a ƙasa. Ya fara bayani cewa warin don kiran ƙuda ne, kwana ɗaya ko biyu yake yi ya wuce, sai Mami ta ɗaga hannu.

"Ban kira ka karatu ba. Me ka sa a cikinta?"

"Wallahi babu komai, Mama."

"To yanka ta in gani."

Auta ta ce, "Mami, in aka daddatsa ta mutuwa za ta yi. Tun yana sabon ɗauka yake rainonta." Mami ko kallonta ba ta yi ba.

Mai Taki ya kalli tiren. Sannan ya miƙe ya roƙi wuƙa. Ya ce Mama ta ja baya ko ta sa safa, don ruwan albasar yana da ƙaiƙayi. Shi bai nemi safar ba. Ya dafa dunƙulen da tafin hannu ya raba shi biyu. Ciki fari tas, ba rami, ba komai.

"Ƙara," in ji Mami.

Ya ƙara. Ta sake cewa ya ƙara, ya yi ta yankawa har abin ya koma ƙanana-ƙanana. Mami ta ɗauki cokali mai yatsu tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana neman takarda ko allura ko gashi. Ba ta samu komai ba sai farin nama mai yauƙi. Auta na ta shessheƙa.

Hannayensa sun yi jajir sun fara tashi, amma bai sosa ba. Ya tattara gutsattsarin cikin ledar ya ɗaure, ya ce zai tafi da su don kada su ɓata mata kwandon shara. Ya roƙi tsumma ya goge teburin har gefe. Sannan ya koma ya durƙusa, idonsa cike da ƙwalla.

"Mama, laifina ɗaya ne, na ɓoye wa 'yarki warin, na jawo ƙazanta gidanki. Ki yafe mini. Ban taɓa yi mata komai ba sai so. In har yanzu zuciyarki ba ta kwanta ba, ba za ki ƙara ganin ƙafata a nan ba."

Auta ta ce ita ma da nata, ita ta kai kwalin jikin tanki bayan ya ce wuri mai sanyi-sanyi, kuma ta ga tsiron ta ɓoye masa. Ya ɗago ya kalle ta, sai yanzu ya gane abin da ya tashi albasar daga barci: ɗumin tankin ne.

Mami ta kalli hannayen nan nasa. Kunya ce ta kama ta, kuma ba ta saba da ita ba. Ta tashi ta haɗa ruwan ɗumi a roba, ta ce ya matso. Ta cire safarta, ta kama hannunsa da nata ta tsoma, ta wanke masa yatsa bayan yatsa, ta shafa masa mai. Abba ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

"Kada ka sosa, zai ƙara tashi," ta ce, ba ta ɗago ba. Can kuma ta ce wa Abba, "Ka ce masa ya turo manyansa."

Auta ta raka shi bakin ƙofa tana hawaye, tana kallon ledar da ke hannunsa. Ta ce ko furen bai samu gani ba, bayan duk wahalar nan.

"Ke kin gani ai. Yaya yake?"

"Mummuna. Ban taɓa ganin abu mai muni irinsa ba."

Ya yi dariya, hawaye na bin kumatunsa. "Gimbiyata da ta shiga bola saboda ni."

"In ka ƙara tuna mini, na fasa. Har yanzu ina jin abin a gashina." Ta share ido. "Ka yi haƙuri, Mai Takina."

"Na samu wadda ta fi ta," ya ce.

An ɗaura aure da zafi ya dawo. Da aka zo tafiya da amarya, Mami ta ce ango ya shigo. Ta fito daga ɗaki hanci a toshe, tana riƙe da wani ƙulli da bakin yatsu biyu, leda cikin leda cikin leda. Abba ya raɗa masa cewa sai da ta zaga lambuna da ƙafarta tana kwatanta wa mutane warin kafin aka gane abin da take nema. Mai Taki ya warware ledojin da sauri don kada abin ya gumu. 'Yar albasa ce ƙarama, sabuwa, da ɗan tsininta ja a ka.

Ya durƙusa a gaban Mami.

"An ce sai ta yi shekaru kafin ta buɗe," in ji Mami. "To ku je ku raine ta tare. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kai ku ranar kuna tare, ku da 'ya'yanku. Na yafe muku duniya da lahira." Ta jawo Auta ta rungume. "Amma ranar da za ta buɗe, kada wanda ya gayyace ni."

Ɗakin ya ɗauki amin ana dariya, amarya na kuka a kafaɗar uwarta.